Shekara Biyu Ina Zaɓen Bindiga

Ni mutum ne da ba na sayen abu da garaje. Firjin da ke gidanmu na unguwar Nasiriya a Riyad sai da na yi wata bakwai ina nazarinsa kafin na saya, muna kai nama ajiya firjin maƙwabta, har matar gidan ta ja matata gefe ta tambaye ta ko albashina aka riƙe. Aikina awon jini da fitsari a wani asibiti a unguwar Ulaya, kuma aikin ya ɓata ni, ba na yarda da abu sai na auna shi sau uku. Saboda haka ranar da na sanar cewa zan mallaki ƙaramar bindiga don tsaron gida, matata ko ɗago kai ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Allah ya nuna mana," ta ci gaba da yankan albasa.

Ba gidan Riyad nake nufi ba. A Riyad me zan tsare? Na taɓa mance makulli a jikin ƙofa tun safe har la'asar, na dawo na tarar maigadin benen ya zare ya ajiye min, ya haɗa min da faɗa kyauta. Ban da haka ma, baƙo irina mai iƙama, wato katin izinin zama, ko a mafarki ya ga bindiga a hannunsa gara ya farka da wuri. Gidan da nake nufi shi ne namu na can garinmu, inda mahaifiyata take zaune. Hanyar garin ta lalace da masu satar mutane, kuma a wurinsu duk wanda ya fito daga Saudiyya buhun kuɗi ne mai tafiya da ƙafa, ko da kuwa fitsarin jama'a yake aunawa. Tun da abin ya tsananta ban sake zuwa ba. Duk Juma'a da yamma nakan kira Inna, kuma duk Juma'a kafin mu yi sallama sai ta ce, "To, mutanen Riyad sai yaushe?" Ni kuma in ce, "Inna, akwai wani shiri da nake yi, da na kammala za ki gan ni." Shirin shi ne bindigar. Na yi wa kaina alkawari ba zan taka garin ba sai na san da me zan kare ta, in kare kaina.

Da bidiyo na fara. Turawa ne masu damtse kamar turmi, kowa a bayan gidansa yana harbin gwangwani, yana rantsuwa tasa ce ta fi ta kowa. Na sayi littafin rubutu mai kauri na ja layuka: nauyi, tsawo, ƙara, yawan harsashi, da wani layi na ƙarshe da na sa wa suna "Inna za ta iya?" Cikin wata biyu na gane cewa rigimar duka a wuri ɗaya take, wato gidan harsashi, ɗan akwatin nan da ake ɗura wa harsasai a cusa shi a gindin bindiga. Wata tana cin shida, wata goma, wata sha biyar, wata sha bakwai. A nan na maƙale, sai na nemi taimako.

Mu uku ne a kwamitin da na kafa. Akwai abokina Injiniya, mai gyaran lif a dogayen benayen Ulaya, wanda shi ma garinsu yana kan irin hanyar tamu. Akwai kuma wani dattijo, tsohon sajan na 'yan sanda a gida, da ya yi ritaya ya zo yana tuƙa motar wani sito a unguwar Sulay. Baba Sajan muke ce masa, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa riƙe bindiga. Saboda girmansa na ce zaman a gidana za a riƙa yi, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka ta zuba man shanu.

Ni ina bayan libarba mai cin shida, irin mai jujjuyawar nan, don na ji an ce ba ta cika cijewa ba. Injiniya kuwa in ba sha bakwai ba, to a bar maganar. Lissafinsa a shirye yake. "Ɓarayi ba sa zuwa su kaɗai," in ji shi. "Ka ɗauka su biyar ne. Kowa uku, sha biyar ke nan. Saura biyu na gargaɗi."

"Gargaɗin bayan ka harbe su ko kafin?" na tambaye shi.

"Kai da shidarka fa? In ta ƙare sai ka ce su zauna su jira ka ɗura, ka sa a kawo musu shayi?"

Muka juya ga Baba Sajan. Ya gutsuri tuwo, ya yi masa rami da babban yatsa, ya ɗebo miya, ya haɗiye, sannan ya ce, "Kowacce da amfaninta. A ƙara nazari." Haka yake yi kullum. Ranar da muka kusa daidaitawa a kan mai cin goma, har mun miƙa wa juna hannu, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Kun yi maganar nauyi kuwa? Mai yawan harsashi nauyi gare ta. Hannun da ya saba da allura zai iya?" Nan take daidaitawar ta watse, muka koma farko.

Maganar nauyin nan ta hana ni sukuni, sai na ga dole in gwada. Matata tana da abin kunna gas mai dogon baki da ɗan maɓalli a ƙasa kamar kunamar bindiga, na ƙwace shi. Na hau sikelin da take auna fulawa da shi, na gano cewa dabino mai ɗan girma bai yi nisa da nauyin harsashi ba. Na sauka bakala, wato kantin unguwa, na sayo kwali guda. Na zuba shida a safa ɗaya, sha bakwai a wata, ina ɗaura wa abin kunna gas ɗin da roba, in miƙe hannu ina saitin agogon bango har sai kafaɗata ta fara rawa. Sakamakon na rubuta shi a littafi da jan biro.

Daga nan sai atisaye. Masanan bidiyo sun haɗu a kan cewa mai hankali ba ya ajiye bindiga da harsashi wuri ɗaya: bindiga a akwati a kulle, harsashi a wani wuri, makulli a wani wurin daban. Na bi umarni. Abin kunna gas a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, makulli a saman kwaba, dabino a kicin. Na roƙi matata ta zama ɓarawo, ta amsa da saurin da ya kamata ya sa na sha jinin jikina. In na dawo aiki bayan la'asar sai in kwanta in rufe ido kamar mai barci, ita kuma ta buga faranti a falo, alamar an ɓalle ƙofa.

Sai in zabura in nemi kujera, in hau in lalubo makulli, in sauko in rarrafa ƙarƙashin gado, in buɗe akwati. To harsashi yana kicin, kuma ba a zuwa kicin a gidanmu sai an ratsa falo, inda ɓarawon yake. Ranar farko da na zo wucewa ta gabanta da gudu har "gafara dai" na ce mata. Kafin in ɗaura safa in dawo in ce "Tsaya nan!" ta riga ta zauna ta harɗe ƙafa tana kallon talabijin, kwalbar turarena a cinyarta.

"To, an gama, kawo turaren," na ce.

"Ka taɓa jin ɓarawon da ya mayar da kaya?"

Ba ta mayar ba. A wata guda na yi asarar turare, da cajar waya, da hular da nake zuwa Juma'a da ita. Ranar da na fi kowace rana sauri, na isa kicin na tarar da safa babu komai, ɓarawon ya cinye harsasan ya jera min ƙwallayen a kan faranti, sha bakwai cif. Na kai ƙara gaban kwamiti, Baba Sajan ya ce ai wannan darasi ne babba, abokin gaba yakan fara da rumbun makamai. Ya nemi ƙarin miya.

A shekara ta biyu Injiniya ya gano wani wurin koyon harbi a bayan gari, inda ko baƙo zai iya nuna iƙama a ba shi bindiga ya harba a gaban malami, ya mayar kafin ya fita. Muka tafi wata Asabar da safe. Tun a mota nake ta yi wa Injiniya bayanin yadda ake tsayuwa. Malamin wani saurayi ne Balarabe mai fara'a, ya sa mana abin toshe kunne da tabarau, ya tsayar da mu kowa a layinsa, kowa da takardarsa mai zanen mutum a can nesa. Ya ɗora min bindigar a hannu, mai cin goma. Na ji ta da sanyi da nauyi, ba ta da wata dangantaka da dabino.

Na yi bisimilla, na runtse ido, na ja kunama.

Abin da na ji ba ƙara ba ce, duka ne, tun daga tafin hannu har haƙora. Da na buɗe ido takardata tana nan fes, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Sai ga Injiniya yana ihu daga layinsa, "Na same shi! Wallahi na same shi a kafaɗa!" Malamin ya leƙa bindigar Injiniya, ya leƙa tawa, ya yi masa bayani a hankali cewa shi bai ma harba ba tukuna, yana ta gyaran ƙafa ne. Harsashina ne ya tsallaka ya sami ɓarawon maƙwabci.

"Ya ammi, iftah uyunak," in ji malamin, wato kawu, buɗe idonka. Ya tsaya a bayana ya riƙe min gwiwar hannu. Na harba na biyu ido a buɗe, amma ban san inda ya tafi ba, shi ma malamin bai sani ba. A na uku har tabarau ya zame min. Na ce masa, "Kalas, kalas," wato ya isa, na miƙa masa kayarsa da sauran bakwai a ciki, na tambayi hanyar banɗaki. Injiniya ya harbe gomansa duka, kuma ramin da ke jikin takardarsa har muka tashi guda ɗaya ne, nawa. Duk da haka ya naɗe ta ya tafi da ita gida, na ji labarin tana manne a falonsa.

Mai hankali zai ce daga nan magana ta ƙare: mutumin da uku suka ishe shi, me ya haɗa shi da gardamar shida da sha bakwai? Mu ba haka muka gani ba. Kafin mu shigo gari mun cimma matsaya cewa mai kuskure irin namu sha bakwai ma ta yi masa kaɗan, dole a binciko ko akwai mai cin talatin. Da muka kai wa Baba Sajan wannan rahoto, ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Madalla. Yanzu kuka fara fahimtar aikin."

Matata ce ta kashe kwamitin. Wata Juma'a ta kawo tuwo ta ajiye, ta koma ta ɗauko kwanon miya, amma maimakon ta ajiye sai ta tsaya da shi a bakin ƙofar falo, tururi yana tashi.

"Baba, ni ban san komai a wannan fanni ba," ta ce. "Tambaya ɗaya gare ni. In sun gama zaɓen, a wane shago ake sayarwa?"

Na dubi Injiniya, Injiniya ya dubi Baba Sajan, Baba Sajan ya dubi kwanon.

"'Yata, ajiye miyar tukuna."

"Sai na ji, Baba."

Dattijon ya sauke numfashi, ya goge hannunsa da bai riga ya ɓaci ba. "Gaskiya dai, a gida ba a ba farar hula lasisin ƙaramar bindiga. Sai da sa hannu daga can ƙoli, kuma ni duk zamana a kaki ban ga wanda ya samu ba. Doguwa ta farauta ce ake ɗan samu, ita ma da jiɓin goshi. Wannan da kuke zaɓa kuwa, in aka kama mutum da ita, shida take ci ko sha bakwai, gidan yarin ɗaya ne."

"Haba Baba!" Injiniya ya miƙe tsaye. "Shekara biyu fa!"

"Wacce ta fi kyau kuka tambaye ni. Akwai wanda ya tambaye ni ko ana samu? Kuma ku dubi Allah ku dube ni. A Sulay mu takwas ne a ɗaki, safe shinkafa da kaza, rana shinkafa da kaza. In na faɗa muku tun makon farko, a ina zan sake ganin miyar kuka?"

Matata ta ajiye kwanon a gabansa, ta ƙara masa man shanu.

Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ni da nake auna ɗigon jini sau uku, ni da na san nauyin dabino, a ce shekara biyu ban taɓa tambayar ko abin yana sayuwa ba? Wannan ba mantuwa ba ce. Tsoro nake ji, tsoron hanyar nan, kuma muddin ina zaɓen bindiga ina da abin da zan faɗa wa Inna ranar Juma'a. Bayan baƙi sun tafi na faɗa wa matata haka, ina jin kunya kamar in nutse. Ta ce ita tun watan farko ta gane, ta yi shiru ne don ita ma ba ta so in hau hanyar. "Amma Inna tsufa take yi," ta ce, "kai kuma kana nan kana ɗaura dabino a safa."

Da yamma na kira. Ban jira ta tambaya ba. Na ce, "Inna, shirin nan ya rushe. Haka nan zan zo, wata mai kamawa."

Ina jin kukan akuya a bayanta. Sannan ta ce, "Kada a zo."

"Inna, ke ce fa kullum kike tambaya."

"Tambaya dole ce, uwa ba ta rasa tambaya. Amma duk ranar da aka ce min ba yanzu ba, ranar nake samun barci. A zauna can. Muryar ta ishe ni."

Tun da na yi wayo ban taɓa tsallake maganarta ba, sai wannan. Na ɗauki hutu, na sauka Kano, na bar akwati da agogo da takalmi a gidan wani ɗan'uwa. Na ari wata koɗaɗɗiyar riga da silifas, na shiga motar haya da sassafe, aka matse ni a baya tsakanin buhun gishiri da wata mata mai kaji. Na tabbata ko Baba Sajan ba zai gane ni ba. Mota tana tashi hannuna ya tafi da kansa yana laluben bel ɗin ɗaurewa a bayan kafaɗata, inda rabon da a ga bel tun motar tana sabuwa. Direba ya kalle ni ta madubi ya ce, "Malam daga waje ake?" Na ce masa ƙaiƙayi nake ji. Daga nan har muka isa ban sake motsi ba, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Da hantsi na yi sallama. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Ni ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin fuska da shi, ba ta ma kallonsa ido cikin ido. Ta ɗago ta gan ni, ta kau da kai wajen bango, ta ce, "Wa ya ce a zo?" Sai ta miƙe da ƙyar ta hura wuta. Ta rame, kuma tafiyarta ta canza, tana dafa bango. Ta yi min ɗanwake da hannunta, ta hana ni ko ɗauko mata ruwa. Ina ci tana zaune ta ba ni rabin baya, tana lissafa min waɗanda suka rasu, da waɗanda aka ɗauka, da waɗanda suka dawo.

Ana idar da azahar ta ce in tashi, motar ƙarshe ba ta kai la'asar. Na ce kwana zan yi, ko ɗaya ne. Ta ce, "Ba a gidan nan ba." Ta riga ni zuwa zaure, na bi ta ina magiya, ba ta ko juyo ba.

A zauren, inda ba mai ganinmu, ta tsaya. Ta kama kaina da hannu biyu ta sunkuyo da shi daidai fuskarta, ta dube ni sosai, ta daɗe tana duba. Hannunta yana warin hayaƙi. Ta shafa gefen kaina da babban yatsa.

"Ka yi furfura ban sani ba," ta ce.

Ta tura ni waje, ta rufe ƙofa, na ji ƙarar sakata. Na tsaya a lungun da silifas ɗin aro, hawaye yana zuba, na kasa ɗaga ƙafa. Ita ma ba ta koma ciki ba, ina jin numfashinta a bayan ƙyauren.

"Ina jin ka fa," ta ce. "Tafi."